Rasuwar Gwaggo, Tsohuwar Lezar Ɗakin Duhu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da malamai, ɗalibai da ma'aikatan sashenmu rasuwar Gwaggo, na'urar leza ta ɗakin duhu da ke ƙarshen baranda. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara ashirin da shida a bakin aiki.

Ga wanda bai san ta ba, marigayiya doguwa ce, ta kai tsawon mutum, kullum tana kwance a kan teburin ƙarfe tana fitar da haske kore shar, siriri kamar zare. Shekara goma sha ɗaya muna aiki ɗaya ni da ita: mu ratsa ruwa da haske, mu gane dattin da ke ciki daga yadda hasken ya watse. Ba ta son gaggawa. Sai an buɗe mata famfon ruwan sanyaya jiki, an kunna ta, ta ce “ƙyas”, ta yi rabin awa tana “huuum”, sannan ta yarda a taɓa ta. A jikin maɓallin ƙara mata ƙarfi akwai jan layi. Ni na zana shi da hannuna, kuma na sha korar ɗalibai don kawai sun kusance shi.

Cikin waɗanda suka koyi aiki a gabanta akwai Daktan nan da ɗakin bincikensa ke saman bene, wanda yanzu ake kira Mai Ƙwaya. Ni na koya masa goge madubi ba tare da ya bar shatin yatsa ba. Ya tafi ƙaro karatu, ya dawo da wata 'yar ƙwayar gilashi da ba ta kai farce ba, wai an sassaƙa wa haske hanyoyi a cikinta. Ɗigon ruwa ɗaya take bukata, a minti ɗaya ta faɗi abin da ni da Gwaggo muke kwana uku muna nema. Masu cewa na yi hassada ba su san ni ba. Takardarsa da aka manna a allon sanarwa sau bakwai kacal na karanta ta, ina neman kuskure, kuma abin haushi ban samu ba.

Ciwon ajali ya faro ne ranar da shugaban sashe ya ce kwamiti zai duba aikinmu mu biyu, wanda ya burge su shi ke da ɗakin duhu. Shi kaɗai ne ɗakin da teburinsa ba ya girgiza in mota ta wuce. Ranar Talata kwamiti ya zo, ya fara da bene. Ina zaune ina jin tafi ta saman rufi, har sau uku na ƙirga. Da suka sauko saura minti goma su tafi, wata farfesa ta tambaye ni cikin ladabi ko har yanzu ana samun kayan gyaran irin wannan. Na haɗiye wannan. Sai Mai Ƙwaya, daga bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, a bar ta yadda ta saba, haka ma ta isa.”

Wannan tausayin ne ya ƙarasa ni. Na murɗa maɓalli ya wuce jan layi. Na rantse ba a taɓa ganin Gwaggo da kyau irin na wannan daƙiƙa huɗu ba, ɗakin duka ya koma kore. Sannan ta ce “tas”, ƙauri ya tashi, shi ke nan.

Kwana biyu ina gaya wa mutane wutar lantarki ce ta yi mata yawa. Da na maimaita a gida, maman yara ta ce ita dai wutar da ta sani a ƙirjina take, kuma ta yi shekara guda tana jin ƙaurinta. Don haka a daina zagin mai gyaran wuta, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Marigayiya ta bar madubai goma sha huɗu, tabarau huɗu na kare ido, famfon da har yanzu nake buɗewa da safe bisa mantuwa, da takardar bincike da ba a gama rubuta ta ba. Ta kuma bar ni.

Mai Ƙwaya ya zo ta'aziyya. Na sa ido in ga murmushi, sai na ga ƙwalla ta gaske, wanda ya fi ƙona mini rai. Ya ce in ƙarasa awona a kan ƙwayarsa, ya ware mini awa ɗaya duk mako.

Za a ɗauki gawa ranar Juma'a da ƙarfe tara. Ana neman ƙarti shida masu lafiyar baya, za a kai ta sito ƙarƙashin matakala, kusa da matattun kujeru. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin duhu har zuwa Litinin, ranar da zan miƙa wa Mai Ƙwaya makulli. Wanda bai samu zuwa ba ya neme ni a bene, duk Alhamis, goma zuwa sha ɗaya. An riga an ja mini kunne kada in bar shatin yatsa.