Rasuwar Allunan Zamiyata, Asan da Usen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba ni da bakin furtawa a cikin gida, ni Saikal, mai yi wa baƙi jagora a duwatsun ƙauyenmu Jirgalan, nake sanar da rasuwar allunan da nake zamiya da su a kan dusar ƙanƙara, tagwayena Asan da Usen. Hatsarin da ya yi ajalinsu ya faru ranar Laraba da hantsi, a bayan shagon burodi.

A birnin Karakol na zaɓe su, bayan na daɗe ina jujjuya alluna kamar mai zaɓen miji. Mai shagon ya yi ta turo mini wasu sirara masu launin ruwan hoda, ni kuwa idona na kan tagwayen. "Ƙanwata, waɗancan na maza ne, za su yar da ke." Na ce, "Yaya, miƙo su dai, faɗuwar ai tawa ce."

Marigayan faffaɗa ne, masu taushin jiki, goshi a ɗage, ƙeya a ɗage, ko da baya na gangaro ba sa cusa hanci. A kan sabuwar dusa mai laushi, irin wadda mutum ke nutsewa a ciki har ƙugu, yawo suke kamar kwale-kwale. Ba su san gardama ba. In na yi niyyar juyawa, kafin ƙafata ta gama magana sun juya. Na sha tashi sama da su daga bakin dutse, in wulwula, su dire da ni lafiya. Ba su taɓa ɗaga wa kowa murya ba, iyakar zancensu "shuuu". Tsakuwa kaɗai suka ƙi jini a duniya.

Ajalinsu ya zo ta hannun yayan mijina, wanda al'ada ta hana ni kama sunansa, amma kaf ƙauyen nan an san baƙin dokinsa. Ya yi baƙi daga Bishkek, babban birnin ƙasarmu, yana son ya burge su. Ina can ina tatsar saniya ya shiga ɗakina ya kwashe su, ya cusa manyan ƙafafunsa cikin takalmana, ya ɗaura igiya a sirdi, ya sa baƙo ɗaya ya ja shi a guje kan titin da motocin kwal suka kankare. Mutumin da rabonsa da zamiya tun yana ɗan makaranta.

Asan ya daki bakin kwalbati, ya karye a tsakiya da wani "ƙaras" da na jiyo tun daga garke. Usen ya kawo gida da sauran numfashi, ciki a yage, ƙarfen gefensa a waje. A hannuna ya ƙarasa. Shi gogan ko ƙwarzane bai yi ba.

"Ashe kayan naki na banza ne, amarya," in ji shi, yana kakkaɓe wando. "An cuce ki a Karakol."

Na dubi mijina, Tinchtik. Ya dubi ƙasa. "Yaya ne fa, Saikal. Ki bar maganar."

Surukata ta ce, "Alhamdu lillahi da ba ƙafarsa ce ta karye ba. Katako ne, 'yar nan. Ɗora shayi, baƙi na jira."

Na ɗora. Ni na zuba masa, ni na miƙa masa da hannu biyu.

Mamatan sun bar sandunan dogarawa biyu marayu, da takalma masu buɗaɗɗen baki. Sun bar sunana cikin masu gasar zamiya ta ranar Asabar a Karakol, wadda na ƙarar da kaka ina hawan dutse a ƙafa saboda ita. Sun kuma bar wasu baƙi da suka nemi in kai su ƙololuwar dutse mako mai zuwa, waɗanda yanzu Ulan na gidan gaba zai kai. Tun jiya dusa take zuba, irin wadda ba mu gani ba a bana, ni kuwa ta tagar kicin nake kallonta.

Za a karɓi gaisuwa a kicin ɗin, tsakanin wanke-wanke da kwaɓa fulawa. Jana'iza ranar Asabar ce, daidai lokacin da za a kira sunana a Karakol a ji shiru. Surukina ya yanke cewa binne katako mai kyau almubazzaranci ne, don haka za a kafa su a ƙofar garken tumaki, wajen da ta ɓalle. Yayan mijina ya yi alkawarin zuwa da guduma, kuma an riga an gaya mini ni ce zan riƙe masa ƙusa.