Muryar Da Na Kushe A Motar Argungu

Zamanin muna cikin Jihar Sakkwato, abokina Garba mai gyaran rediyo ya yi waƙa irin ta samarin Amurka, wadda ake zuba magana da sauri bisa kiɗa. Kaset ɗin ya game Birnin Kebbi. Ni da na fi shi murya ko nemana bai yi ba, abin ya tsaya mini a rai.

Ran nan a motar Argungu, direba ɗan unguwarmu ya sa waƙar, fasinjoji suna ta kaɗa kai. Na gyara zama kamar alƙali.

Na ce, "Shirme ne. Balle mai amshin nan da ke ihun 'Mai jirgi, dawo!' Jaki ma ya fi shi murya."

Direba ya dube ni ta madubi. "Ai kai na! Bakin gulbi Garba yaɗ ɗauki muryarka da rakoda, ran da jirgi yab bar ka da buhun albasa."

Wallahi ban taɓa jin muryata a kaset ba. Wata tsohuwa ta yi dariya har da hawaye.

Har yau in na shiga tasha sai wani ya yi kukan jaki, sauran su amsa, "Mai jirgi, dawo!"