Sati Uku da Kabad ɗin Likita

Allah ya yi wa shagon kafintocin nan gata ranar da ɗan mai shagon ya dawo daga kwas. Sati uku ya yi yana karatun yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, ya dawo da takardar shaida cikin gilashi da tafiyar da ko garin katako ba ta tayarwa. Shi ya naɗa kansa Darakta. Ma'aikata kuwa, don kada a rage masa ko kwana ɗaya na iliminsa, suka sa masa suna Sati Uku.

Ya dawo a kan gaɓa, domin mahaifinsa ya tsufa, yana tunanin wanda zai danƙa wa makullan shagon. Tsohon ya ce ga gwaji: wata likita na son kabad da zai shiga wani lungu na ɗakin karatunta, daidai, ba ragi ba ƙari. In aikin ya yi kyau, makullai nasa ne.

Sati Uku ya tara jama'a, ya hau kan benci.

"A cikin kan kowannenku akwai ofis," in ji shi. "Akwai ma'aikacin da ke riƙe magana ta hanyar maimaita ta. Akwai mai allo, wanda ke riƙe hoton wuri. Akwai na uku mai haɗa su. A samansu duka akwai shugaba, wanda ba ya ɗaukar kaya, umarni kawai yake bayarwa. Daga yau haka shagon nan zai koma."

Ya naɗa Kawu, babban kafinta mai furfura, a matsayin mai maimaitawa. Direban motar kaya ya zama mai allo. Kujerar mai haɗawa aka bar ta babu kowa, domin ranar da aka koyar da ita zazzaɓi ya hana shi zuwa aji. Kujerar shugaba ba a sha wahalar cike ta ba. Sannan ya bi kowa ya zare fensirin da ke bayan kunnensa, ya ce rubutu sandar gurguwar ƙwaƙwalwa ce. Kawu ya shafa kunnensa kamar wanda aka yi wa aski ba shiri.

A gidan likita Kawu ya ja tef, ya auna tsawo da faɗi da zurfi, sama da ƙasa: lambobi shida. Direba ya ƙura wa lungun ido har ya haɗiye taga da makunnin fitila. Darakta ya tsaya hannu a baya, yana sa ido a kan masu sa ido.

Suka shiga mota. Leɓen Kawu na motsi, tamanin da huɗu, arba'in da bakwai, yana lallaɓa lambobin kamar mai ɗauke da ruwa a tafin hannu. Da an bar shi, da ya kai su gida. Amma babban mutum ba ya zama shiru a mota. Sati Uku ya shiga bayanin yadda zai buɗe rassa a garuruwa goma sha biyu cikin shekara biyar, da ma'aikata sittin, kuma a ƙarshen kowace jimla sai ya waiga.

"Ko ba haka ba, Kawu?"

"Haka ne, Yallaɓai. Tamanin da... haka ne."

Direba kuma aka umarce shi ya bar hanyar da ya sani, ya bi wata gajeruwa da Darakta ya gano, mai lanƙwasa tara da kwalbati biyu. Kafin su iso, taga ta fice daga kansa, kwalbati ya zauna a gurbinta.

A shago Kawu ya ce a koma a sake awo, ba nisa. Sati Uku ya ce tsari ba ya komawa baya. Aka yanka katako a kan abin da ya saura a ƙwaƙwalwar Kawu, wanda rabinsa lissafin rassa ne.

Kabad ya fito kyakkyawa, wannan ba a musu. Yana sheƙi kamar ruwan da rana ta faɗa ciki. Illarsa ɗaya: ya ƙi shiga lungun. Da aka jingina shi a inda ya yarda, sai ya rufe taga ruf, ɗakin karatu ya yi duhu da tsakar rana. Likita ta tsaya a ƙofa, ta tambaya a hankali ko da fitilar hannu ake son ta riƙa karatu.

Aka ɗauko tsohon. Ya zagaya kabad ɗin, ya shafa shi, ya saurari ɗansa yana bayanin cewa ƙananan sassa ne suka gaza, shugabanci kuwa bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya ba likita haƙuri, ya ce Kawu zai sake aikin, kuma daga gobe Kawu ne zai riƙa buɗe shago. Sannan ya dafa kafaɗar ɗansa.

"Na yarda da karatunka, ɗana. Lallai akwai shugaba a cikin kan nan naka. Ma'aikatan ne suka daɗe da ajiye aiki."

Sati Uku ya gyara wuyan rigarsa, ya dubi Kawu da direba ɗaya bayan ɗaya, don su shaida cewa ko Baba ya tabbatar akwai shugaba.