Ni a Sama, Alhaji Bawa a Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da na yi kusan rabin awa a sararin samaniyar Jega ba, iyayen yara suna kallona, ni kuma ina kallon rufin kwanon Sabon Gari.

A lokacin ina mataimakin hedimasta a wata makarantar firamare mai zaman kanta. Hedimastanmu ya kusa barin aiki, kowa kuma ya san mu biyu ake duba wa kujerar, ni da Malama Hadiza mai koyar da lissafi. Ita aikinta kawai take yi, ba ta da surutu. Ni kuwa Allah ya hore mini baki.

Da aka zauna taron shirya bikin yaye ɗalibai, Hajiya mai makarantar ta ce ta gaji da biki iri ɗaya kullum: jawabi, rabon kyauta, shinkafa, a watse. Tana son abin da za a yi mako ana zancensa a gari. Kafin kowa ya buɗe baki na ɗaga hannu.

"Hajiya, a bar mini wannan. Lilo zan kawo, irin babban nan mai juyawa sama."

Malama Hadiza ta tambaya a hankali ko na taɓa ɗauko irinsa. Na ce mata ai ba sai mutum ya taɓa mutuwa yake sanin hanyar maƙabarta ba. (Na ji daɗin wannan amsa ƙwarai a ranar. Har a gida na maimaita ta.)

Bincike ya kai ni Aliero wurin wani mai walda, Malam Sani, wanda yake ƙera lilo yana ba da haya lokacin sallah da bukukuwa. Na tarar da shi yana gyaran bodin wata motar albasa. Ya ce lilon yana Maiyama, tun bayan sallah ba a kwance shi ba. Muka hau mashin ɗinsa muka tafi.

Abin ya burge ni. Ƙaton ƙarfe ne kamar ƙafar keke a tsaye, tsayinsa ya kai gidan sama mai hawa ɗaya, da kwanduna huɗu na zama, kowanne da fentinsa. Ba inji gare shi ba, ƙarti biyu ke tura shi da hannu. Malam Sani ya zagaya da ni yana bayani: sai an sami fili mai tauri, a kafa shi tun jajibiri, a ja igiya a kewaye don kada yara su kutsa ƙarƙashi. Sannan ya dube ni daga sama har ƙasa, ya daɗe a wajen tumbina.

"Mallam, wanga abu na ɗiya ne. Yara huɗu kowane kwando. Manya ba su hawa."

Na ce wa zai hau da girmansa? Cikin zolaya ya ce ko zan ɗan gwada, tunda ga shi a kafe? Na ce sauri nake yi. Gaskiyar magana, ni ko tsani ba na hawa. Idan ƙwan fitila ya mutu a gidana, maƙwabci nake kira, in ce masa bayana ke ciwo.

Shiri dai na yi shi, kada in zalunci kaina. Na sa an share filin ƙwallo, an daddaɓe wurin da za a kafa ƙarfen. Na raba yara rukuni-rukuni bisa aji, na ba kowane malami nasa. Ranar Juma'a da yamma akori-kura ta kawo lilon a kwance, Malam Sani da mutanensa biyu suka haɗa shi, unguwa ta fito kallo. Da safiyar Asabar na saka babbar rigata ruwan ƙasa, na karɓi makirfo marar waya, don ni ne mai gabatarwa. (Ba wanda ya naɗa ni. Na riga kowa ɗauka ne kawai.)

Komai ya tafi daidai har aka zo kan lilo. Yaran aji shida sun yi layi, sai wani ya miƙe daga rumfar iyaye. Alhaji Bawa ne, babban mahauci a kasuwar Jega, yana da yara uku a makarantarmu. Mutum ne da idan ya zo taro kujerun roba biyu ake haɗa masa, ɗaya a cikin ɗaya.

"Mallam, ni ban yarda da wanga ƙarhe ba," ya ce. "Wa ya gwada shi? In ya hwaɗi da ɗiyanmu fa?"

Rumfa ta ɗauki guna-guni. Na ga wata uwa ta je ta janye 'yarta daga layi. Na waiga na ga Hajiya tana kallona ta saman tabarau. A nan ne ya kamata in miƙa wa Malam Sani makirfo ya yi bayanin kayansa. Maimakon haka sai na yi dariya irin ta manya.

"Alhaji, kwantar da hankalinka. Ni da kaina na hau shi a Maiyama, har sau uku. Yanzu ma zan sake hawa a gaban kowa. Kai ma in kana da zuciya, bismillah, mu hau tare."

Aka yi tafi. Alhaji Bawa ya gyara hula ya fito, don ba a ƙalubalantar mahauci a gaban mata ya zauna. Malam Sani ya matso kusa da ni yana raɗa, "Mallam, na hwaɗa maka..." Na ɗaga masa hannu kamar mai tsayar da mota.

Ni na fara shiga, kwandon kore. Don a sauko wa Alhaji da kwandon da ke fuskantar nawa, dole a tura ni sama. Ƙartin nan biyu suka yi ta nishi har suka kai ni ƙololuwa, suka riƙe. Alhaji ya cusa kansa cikin jan kwando a ƙasa. Ƙarfe ya yi wata ƙara mai tsawo. Ya ɗaga kai ya hango inda nake, sai ya ce:

"To, na gani. Ni ba ni zuwa can. Kada wanda ya tura."

Ko da ya yarda ma, ba mai iya tura shi. Ya yunƙura zai fita, Malam Sani ya daka tsawa: "Alhaji, zamna! In ka hita, Mallam na zuwa ƙasa da ka!" Alhaji ya koma ya zauna. Ga yadda lamarin ya tsaya: shi ba zai hau ba, kuma ba zai fita ba, ni kuma nauyinsa ne kaɗai ya riƙe ni a sama. Sai an samo igiya mai kauri an ɗaure, maza sun riƙe, sannan ya fita a sassauto da ni a hankali. Igiyar da aka kewaye fili da ita ta shanya ce. Aka tura mutum tasha ya aro ta masu lodin albasa.

Da farko na daure. Har na ɗaga wa jama'a hannu. Kuskuren da na yi shi ne leƙawa ƙasa. Kwandon ya ɗan karkata, iska ta shiga babbar riga ta cika ta, hulata ta tafi, na bi ta da ido har ta sauka kusa da tukunyar shinkafa. Daga nan ban san lokacin da na durƙushe a cikin kwando na rungume ƙarfe da hannu biyu ba. Makirfo yana ɗaya daga cikin hannayen nan, daidai bakina, a kunne.

Ni a zatona tsakanina da Ubangijina nake magana. Abin da lasifikoki biyu suka watsa wa filin, da rabin Sabon Gari, kamar yadda aka maimaita mini daga baya ba sau ɗaya ba, shi ne:

"Innalillahi. Wayyo Inna. Inna, ki yafe mini. Ya Allah ka sauke ni, wallahi ƙarya na yi, ban taɓa hawa ba, ko a Maiyama ban hau ba. Ya Allah kada ka bar ƙaton nan ya tashi. Ya Allah ka ƙara masa nauyi."

Na ji fili ya yi tsit, na ɗauka tausayi ne. Sai muryar Alhaji Bawa ta taso daga ƙasa, ba ya bukatar lasifika:

"Amin, Mallam! Ku kawo mini shinkahwa in taimake shi!"

Dariyar da ta ɓarke ban taɓa jin irinta ba. Kuma da gaske aka kai masa faranti, ya ci a cikin kwando, har da neman ƙarin nama. Malama Hadiza ce ta je ta zare wayar lasifika, amma kafin ta isa na riga na yi wa Allah alkawarin azumi uku, na kuma ambaci matata da wani suna da ba a faɗa a waje.

Igiya ta iso. Iyaye maza wajen takwas suka riƙe, Alhaji ya fita, aka sauko da ni kamar guga. Aka ajiye ni a kan kujera. Wata yarinya 'yar aji biyu ta kawo mini hulata da ɗan mai a gefe, ta ce, "Malam, kada ka yi kuka."

Alhaji Bawa ya share hannu ya fuskanci rumfa. Ya ce ƙarfen da ya ɗauke shi ya ɗauki Malam bai karye ba, ba abin da zai yi wa yara. Shi ya fara saka nasa uku. Har la'asar lilo yana juyawa, yara suna ihun murna, ba wanda ko ƙwarzane ya samu. Hajiya ta sami abin da take so, don ba mako ɗaya aka yi ana zancen bikin ba, an fi wata.

Ranar Litinin ta kira ni ofis. Ta ce shiri ya yi kyau, ta gode. Ta yi ƙoƙarin ci gaba da magana, dariya ta ci ƙarfinta, ta ce in je kawai. Da sabon zango aka sanar da Malama Hadiza a matsayin hedimasta. Na yi mata murna, kuma har ga Allah ta fi ni dacewa. Ni kuma na sami sabon suna. Yara ba sa faɗa a gabana, amma in na ratsa layin mahauta sai in ji wani ya yi siririyar murya daga bayan teburi: "Wayyo Inna."

Azumin nan uku na yi su, tunda da shaidu na yi alkawari. Abin da na koya kuma bai da yawa: mai kaya ya fi ka sanin kayansa, in ya ja ka gefe yana raɗa, ka tsaya ka ji. In kuma ka ƙi ji har ta kai ka ga tuba, to ka fara duba abin da ke hannunka, don Allah yana karɓar tuba a asirce, mutanen Jega kuwa haddace ta suke yi.