Rasuwar Garmahon Gidan Malam Jibirilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da suka wayi gari marayu, ni Abdul-Mumuni, a madadin iyalan marigayi Malam Jibirilu na Moshi Zongo, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar garmahon gidanmu, wanda ya cika ranar Larabar da ta wuce bayan doguwar jinya.

Marigayi garmahon ya girme ni. Daga Kumasi mahaifinmu Malam Jibirilu ya rungumo shi a cinya har Tamale, tare da faifai ɗaya tak da aka ɗauki muryarsa yana rera bege. Baba bai daɗe ba bayan haka, ya rasu da ƙuruciyarsa. Tun daga nan garmaho ya riƙe aiki guda: duk Juma'a in an sauko masallaci, mahaifiyarmu Mma Azeta takan yafa mayafi ta zauna, shi kuma ya kawo mata mijinta. Yakan fara da "ƙarrr-tas, ƙarrr-tas", kamar dattijo mai gyaran murya, kuma bai taɓa nuna ya gaji ba. A 'yan shekarun nan Mma ta manta sunayen jikokinta, ni kaina wani sa'in takan tambaye ni ɗan gidan wa, amma wannan murya ba ta taɓa ɓace mata ba.

Ciwon ya soma ne da nauyin jiki. Faifai ya riƙa juyawa da ƙyar, muryar Baba ta yi kauri, baitin da yake haurawa da numfashi ɗaya ya koma yana jan sa kamar mai hawan tudu da kaya. Ni hankalina ya tashi, Mma kuwa murmushi ta yi. "Malam ya tsufa," in ji ta, "ku bar shi ya yi sannu sannu." Ranar sai da na zaga bayan ɗaki na yi kuka, don Baba bai taɓa samun tsufa ba sai a bakin garmaho.

Wumpini mai gyaran rediyo ya buɗe cikinsa, ya ce bel ɗin roba mai juya faifan ne ya saki ya bushe, irinsa kuma ko a Akra sai an tona. Aka tafasa bel ɗin ya tsuke, sauƙin bai daɗe ba. Sidiki mai faci ya yanko robar tayar babur, murya ta riƙa rawa, aka mayar da tsohon. Daga nan ƙanwata Zuhuratu ta karɓi jinya. A gidanmu babu abin da man kaɗe ba ya warkarwa, daga faso har ciwon baya, don haka da ta ji an ce bushewa ce, sai ta mulke bel ɗin da shi, ta ƙara wa injin don alheri. Bel ya yi ta santsi, mai ya kwarara ciki. Abin ƙarshe da muka ji shi ne "wuuu", ya tsaya a tsakiyar baiti. Babu wanda ya ga laifinta, abin da ake yi wa kowa a gidan ne ta yi masa.

Ya bar faifai ɗaya, allura da ta dushe, lasifika biyu, ɗaya ta daɗe da kurumcewa, da tsohuwa guda.

Liman ya ce babu wanka babu sallah. Za a naɗe mamacin a zane a ɗora shi saman kwaba ranar Juma'a bayan la'asar, sannan a karɓi gaisuwa a ƙofar gida, da koko da ƙosai. Roƙonmu ɗaya ga masu zuwa: Mma ba ta sani ba. Mun ce mata an ɗauke wuta. Don Allah kada kowa ya kunna fanka ko ya nemi cajin waya, in kuma ta tambaye ku, ku ce unguwarku ma babu. Za ku same ta a ɗaki da mayafinta, tana jiran a kawo wuta.