Ranar da na yi sharhin fim a zaman makoki

Duk Asabar bayan la'asar muna haɗuwa a ƙofar gidan Malam Usman, tsohon malaminmu na sakandare a Lafiya, mu yi musu kan fim ko littafin da muka zaɓa. Fim ɗin wannan makon na wani dattijo ne da ya shafe awa biyu yana jinya, tambayar kuma ita ce: mutuwa asara ce ko hutu? Kwana uku na yi ina shirya jawabi, har da gwaji a gaban madubi.

Na iso a makare, na tarar da tabarmi cike da baƙin fuska. Na ce a raina, lallai sunana ya fara zaga gari. Ko zama ban yi ba, na gyara murya.

"Jama'a, mu faɗi gaskiya, tsohon nan ya ɓata mana lokaci. Da ya mutu tun da wuri, da kowa ya huta."

Wani dattijo ya daina jan carbi. Na ɗauka hujjata ce ta kama shi, sai na ƙara da cewa ni ko ƙwalla ban yi ba.

Malam Usman ya ja bakin rigata. "Zauna, ɗana. Yayana ne ya rasu jiya. Waɗannan 'yan gaisuwa ne daga Doma."

Har yau in aka yi rasuwa, sai abokaina su bugo min waya: "Za mu gaisuwa. Ka shirya jawabi, ko mu ce ka yi tafiya?"