Kogin da Na Gani a Kwamfutar Muhandis Adam

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da idona ya fara faɗawa kan kogin nan ba. Na shigo ofis da jabana, 'yar butar gahawa, a hannu, sai na hango wani jan layi mai kauri a kwamfutar Muhandis Adam, injiniyanmu. Ya gangaro, ya kumbura a tsakiya, sannan ya rabu biyu. Na ce a raina, wallahi na san wurin nan. Ni da na yi kaka uku ina yankan riɗi a Fashaga, kan iyakar Sudan da Habasha, tare da babana, ai ba a ɓoye mini inda ruwa ya rabu.

Lokacin ina buga takardu a wata cibiyar ɗaukar hoton ciki a Gadarif, zamanin da mutum kan waiga kafin ya yi wa gwamnati tsaki. Muhandis Adam daga Khartum aka kawo shi. Ya bayyana mini aikin tun ranar farko. Na'ura tana ɗaukar cikin mutum yanka-yanka, likita ya bi kowane yanka ya zagaye hanta da ƙoda da babbar jijiya da layi. To manhajar da ke gina siffar jijiyoyi ba ta karanta layukan yadda suka fito, wadda ke iyawa kuma takunkumi ya hana a sayar mana. Dole sai an tsamo ɗigo-ɗigon layin, kowane ɗigo lamba uku, an jera su a sabon fayil. Ni ne mai jerawa.

"Ya zol, lamba biyun farko ka juya musu alama," in ji shi, da irin kiran da 'yan Sudan ke yi wa kowa. "Mai ragi ta koma mai ƙari. In ka manta, hagu ta koma dama, gaba ya koma baya."

Na ce to, amma zuciyata ba ta ce to ba. Ni littattafan soyayyar da 'yan kasuwa ke kawo mana daga Kano suka raine ni, kuma a cikinsu ba a taɓa yin baƙo mai tabarau da tattausar murya da ba shi da wani ɓoyayyen nufi ba. Na fara tara hujja. Lambobi a jere irin na masu awon gona. Fayilolin ba suna, sai lamba. Uwarsa 'yar Gallabat ce, garin bakin iyaka, har na ji shi yana waya da harshen Habasha. Juya alamar nan kuwa, me ya rage in ba rufa-rufa ba?

(Akwai hujja ta biyar da ban saka a lissafi ba. Sunanta Hauwa, ita ke kula da na'urar, 'yar unguwarmu ce, kuma na shekara biyu ina gyara wasiƙar da ban taɓa miƙa mata ba. A kwanakin nan kullum tana gefen Muhandis, idonta ja. Na yanke cewa mugu ya kama ta da wani asiri.)

Bayan sallar Juma'a na ja wani ɗan unguwarmu gefe, irin wanda kowa ya san inda yake aiki amma ba a faɗa. Na ce masa akwai mai zana iyakar Fashaga yana aika wa ƙetare. Na san abin da maganar ke nufi: mota ta ɗauki mutum, iyalinsa su yi wata suna tambayar inda yake. Na sani sarai. Amma ni kaina nake hangowa a babin ƙarshe, Hauwa na kuka tana gode mini.

Ranar Lahadi muna faɗur, wato karin kumallo, kowa da hannu a tiren dafaffen waken ful, sai ga wani mutum mai safari. Ya ce a buɗe kwamfuta. Muhandis ya tashi ya buɗe, man ful na ɗiga daga yatsunsa.

"Kai ne shaida?" mutumin ya tambaye ni. "Zo ka nuna."

Na miƙe da ƙarfin hali. Na ce nan ne ruwa ya rabu, nan tafki ne, waɗannan biyun a gefe kuma ina zaton sansanin soja ne.

Hauwa ta share hannunta a hankali. "Yaya, sansanin nan ƙodar babana ne."

Muhandis ya ɗora hoton na'ura a kan jan layin. Ga ƙashin baya, ga haƙarƙari. Tafkin nawa kumburin babbar jijiyar mahaifinta Malam Garba ne, tsohon da nake gaisarwa kullum a ƙofar masallaci. Likitan fiɗa a Khartum yana jiran siffar ne kafin ya ce za a taɓa shi ko a'a.

Mai safari ya dube ni. "Sojojin suna cikin hanji ke nan?"

Ba wanda ya yi dariya, sai Hauwa da ta ce, "Da ka tambaye ni mana. Tebur ɗaya ke tsakaninmu."

Na so ƙasa ta tsage. Sai dai maganar da ta shiga takarda ba ta fita da ma'alesh, wato "a yi haƙuri". Mutumin ya ce shi ya gamsu, amma an riga an buɗe fayil. Ya tafi da kwamfutar. Muhandis ya sake aikin daga farko a tsohuwar na'urar da nake buga takardu, yana zaune a kujerata. Aka yi wa Malam Garba aiki, ya tashi. Shi kuwa Muhandis wata biyu yana zuwa wani ofis kowace safiya, a zaunar da shi a benci har la'asar, a ce ya dawo gobe. Da suka gaji da shi ya haɗa jakarsa ya bar Gadarif.

Bayan shekaru na ci karo da shi a tashar mota a Wad Madani, furfura ta fito masa, yana koyar da ɗalibai wannan aikin. Na fara jero ban-haƙuri, ya tare ni. Ya ce duk sabon aji da labarina yake buɗe shi, don kada su miƙa wa mutum lambobi ba su nuna masa cikin wa ya fito ba.

"Ba na faɗin sunanka," in ji shi. "Kanar nake ce maka."

Tun daga nan, in zuciyata ta fara ba ni labari mai daɗin tsari, nakan je in tambayi na tebur na gaba tukuna.